Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Gwamnan Tennessee, Bill Lee: A Soke Dokar 2012

Mai girma Gwamna,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ma'aikaciyar jinya ce, haifaffiyar Kano, mazauniyar Nashville a nan Amurka tare da maigidana da yaranmu uku. Musulma ce ni. Na yi imani Allah ne ya halicci sammai da ƙasa da abin da ke tsakaninsu, kuma a kan haka nake tarbiyyar 'ya'yana. Na fara da wannan ne don ka san mai addini ce take roƙonka ka sa baki a soke dokar 2012.

Dokar nan ta ba malamin makarantar gwamnati kariya idan ya ce zai nuna wa ɗalibai ƙarfi da raunin wasu darussan kimiyya, kuma cikin misalan da ta jero har da juyin halitta (yadda halittu ke sauyawa sannu a hankali daga zuriya zuwa zuriya) da ɗumamar yanayi. Gwamnan da ka gada, Bill Haslam, bai sa mata hannu ba, bai kuma hau kujerar naƙi ba. Haka nan ya bar ta ta zama doka.

Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin tarihin jiharka. A 1925 aka kafa dokar Butler da ta haramta koyar da cewa mutum ya samo asali daga wata dabba. A watan Yulin shekarar aka gurfanar da malami John Scopes a garin Dayton, aka ci shi tarar dala 100. Kotun ƙolin jiha ta soke hukuncin a 1927, amma dokar ta zauna daram har 1967. A 1968 Kotun Ƙolin Amurka ta rushe irinta a Arkansas. Sai aka dawo da dabarar a raba lokaci daidai tsakanin juyin halitta da abin da suka kira kimiyyar halitta, wato labarin halitta na addini da aka sa wa sunan kimiyya, ita ma kotun ta yi fatali da ita a shari'ar Louisiana ta 1987. A 2005, a Dover ta jihar Pennsylvania, aka sake canza wa tuwo suna, aka ce halittu tsari ne na wani mai hikima. Iyaye 11 suka kai ƙara. Alƙali John Jones, wanda George W. Bush ya naɗa, ya yanke cewa addini ne aka sa wa rigar kimiyya, hukumar makarantun ta biya kuɗin shari'a sama da dala miliyan ɗaya. Kuɗin da ya kamata ya tafi ga littattafai da albashin malamai ke nan.

Na san dokar 2012 ta rubuta a jikinta cewa ba ta goyon bayan wani addini. To amma me ya sa juyin halitta aka ware? Ban ga an ce a nemo raunin darasin bugun zuciya ko na lantarki ba.

Bari in faɗa maka abin da ya sa maganar take ci mini rai. Ƙanena ya rasu da cutar sikila yana ɗan shekara 14. Har yau ina tuna darare da yake murƙususu, mahaifiyarmu tana gasa masa gaɓoɓi da tawul da ruwan ɗumi. 'Yata babba jininta AS ne. Ranar da ta tambaye ni me ya sa wannan jini ya yi yawa a dangi, amsar tana cikin darasin nan: mai ɗauke da kwafi ɗaya na ƙwayar gadon sikila yana samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa ta yaɗu a yankunan da sauro ya addaba, irin namu. Haka kuma kulorokwin ɗin nan mai ɗaci da muka sha muna yara, mai sa ƙaiƙayi, ya daina aiki ne saboda ƙwayoyin cutar da suka jure masa su suka rayu suka hayayyafa. A wurin aiki ina ganin irin wannan da idona, ga maras lafiya a kwance, an gwada maganin ƙwayoyin cuta ɗaya, biyu, uku, babu wanda ya kama.

Duk da haka, da ajin 'yata suka iso wannan babi, malamarsu ta bi ta kansa kamar mai taka garwashi. Ban ga laifinta ba. Malamin da bai san ko hukuma na bayansa ba, dole ya yi taka-tsantsan.

Wasu 'yan'uwana a masallaci suna ganin dokar gata ce ga masu imani. Ni ban yarda ba. Idan aka buɗe ƙofa a kawo labarin halitta cikin ajin kimiyya, na wane addini za a kawo? A Tennessee ba namu ba ne. Gyaran farko na kundin tsarin mulkin Amurka, wanda ya hana gwamnati fifita wani addini, shi ne inuwar marasa rinjaye irinmu. Labarin Annabi Adamu aikina ne da na malamin Islamiyyarsu ranar Asabar, ba na so ma'aikacin gwamnati ya karɓe mini shi.

Don haka ina roƙonka, ranka ya daɗe, ka nemi 'yan majalisar dokokin jiha su gabatar da ƙudirin soke dokar nan a zamansu na gaba, ka kuma fito ka shaida wa malaman kimiyya cewa su koyar da babin nan cikakke. Ƙanen 'yar tawa yana shiga wannan aji baɗi.

Taka,
Wata uwa, Nashville