Wasiƙar Godiya ga Mai Shagon Kifin Ado na Wunti da Yaransa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Alhaji, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran shago baki ɗaya. Na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a ne saboda yaba kyauta tukuici, kuma abin da kuka yi mini ya wuce "na gode" ta bakin ƙofar shago.

Ni malamin kimiyyar halittu ne a wata makarantar sakandare a nan Bauchi. Na daɗe ina koya wa yara rayuwar cikin teku da alli da allo, alhali yawancinsu ruwa mafi girma da suka taɓa gani shi ne madatsar Gubi. Tsakaninmu da bakin teku a Legas akwai tafiyar da ta haura kilomita 1,000. Shi ya sa na ƙudurta in ajiye kifin teku mai rai a gidana, inda ɗalibaina da 'ya'yana za su gan shi da idanunsu. Da na kwashi adashi sai na kawo muku kuɗin. Kaɗan ne, kuma babu wasu a bayansu.

Godiyata ta farko a kan tambayoyinka ne. Kafin ka tambayi nawa ke hannuna, sai da ka tambayi awa nawa muke samun wuta a unguwarmu, da wane ɗaki zan ajiye tankin, da ko rana tana faɗowa ta tagarsa, da wane ruwa muke sha. A kan kantarku akwai wani ƙaramin tanki mai cin lita 30, da fitila shuɗiya mai ɗaukar ido, kuɗinsa daidai aljihuna. Da ka miƙo mini shi da na biya ba ciniki. Amma ka ce ba za ka sayar wa sabon shiga shi ba in dai ruwan gishiri zai zuba, ka kuma kawo misalin da ban manta ba: ruwan kofi da an bar shi a tsakar gida ya ɗau zafi, ruwan randa kuwa yana nan da sanyinsa har la'asar. Ruwa kaɗan komai ƙanƙantar kuskure juya shi yake yi, zafi ne ko gishiri ko ƙazanta. Sai ka fito mini da tankin gilashi na hannu mai cin lita 120, ka cika shi da ruwa ya kwana a shago domin mu tabbatar ba ya yoyo. Ka kuma tabbatar mini mai shi na da bai taɓa zuba maganin kifi mai sinadarin tagulla a ciki ba, don wannan sinadari yana kashe jatan lande da dodon koɗin da ake sa wa su share tanki. Ka ba ni shi a farashin da bai kai na ƙaramin sabon ba.

Batun wuta shi ne inda na ga amanarka a fili. Mu a nan tarwaɗa muka sani, ita kuwa tana da wata gaɓa a bayan kanta da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa take jure ruwa maras motsi har da taɓo. Kifin teku ba shi da wannan. Ruwan gishiri bai kai ruwan daɗi riƙe iskar numfashi ba, kuma duk sa'ad da ruwa ya ƙara ɗumi iskar da ke cikinsa raguwa take yi. Ka ce kifi zai iya kwana biyu ba fitila, zai iya kwana biyu ba abinci, amma in famfon da ke kaɗa ruwan tanki ya tsaya na 'yan awoyi a tsakiyar bazara sai dai a kwashe gawa. Saboda haka kaso mafi tsoka na kuɗina ka sa na kai shi shagon da ba naka ba, na sayo ƙaramin faifan sola da batir. Famfon da ke kaɗa ruwan tankin bai kai ƙwan fitila ɗaya cin wuta ba, batirin yana riƙe shi dare da rana. Ka ƙara mini da ɗan famfon iska mai aiki da batirin tocila, na ajiye don ranar da komai ya ƙi. Ɗan kasuwa ya tura kuɗin mai saye wata kantar, shi kuma ya rage nasa cinikin, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

Zafin garinmu ma ba ka ɓoye mini ba. Kifin da ke zaune a duwatsun murjani yana son ruwa tsakanin digiri 24 da 27, mu kuwa a watan Maris da Afrilu zafi yakan kusanci digiri 40. Injin sanyaya ruwa akwai shi, amma kuɗinsa ya fi na tankin da kayansa gaba ɗaya. Ka ce in zaɓi ɗaki mafi sanyi a gidan, nesa da taga, in ɗaura ƙaramar fanka tana hura saman ruwan, tururin da ke tashi ya riƙa tafiya da zafin. Da hunturu kuma, lokacin da dare ke yin sanyi, in sa ɗan abin ɗumama ruwa. Nan ka ja mini kunne a kan abin da ke halaka kifin mutane da yawa: ruwa ne ke tashi, gishiri yana zama. Wanda ya ga ruwa ya ragu ya cika da ruwan gishiri, ya ƙara wa tankin gishiri ke nan. Sai ka sa yaronka ya ja layi da alƙalami a jikin gilashin, kullum ina cikowa zuwa layin da ruwa zalla. A busasshiyar iskar hunturu ragowar da ake samu a yini ɗaya tana da ban mamaki.

Gishirin ba na miya ba ne. Haɗi ne na musamman da ke ɗauke da sinadarin kalsiyam da maganiziyam da sauran abin da ke cikin ruwan teku, kuma kowace lita tana cin kamar giram 35. Ka zauna da ni da biro da takarda muka yi lissafi: cikon farko zai ci sama da kilo 4, sannan canjin kashi 10 cikin 100 na ruwan kowane mako zai ci kusan kilo 2 a wata. Ka ce in duba albashina in ga ko zai ɗauki wannan har abada, domin sayen tanki sau ɗaya ne, gishiri kuwa kowane wata ne. In ba zai ɗauka ba, ka ce kifin ado na ruwan daɗi ma yana da kyau kuma babu abin kunya a ciki. Ruwan haɗin ma ka ce kada ya zama na famfo kai tsaye saboda kulorin, na burtsatse kuma yakan zo da ma'adanai da ke haifar da gansakuka. Kun riƙa sayar mini da tataccen ruwa a jarka daga matatarku, a kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Abubuwan da ka cire daga lissafi sun fi waɗanda ka bari yawa. Murjani mai rai ka ce a jinkirta shi, don yana buƙatar fitila mai tsada da ruwan da ba ya canzawa ko kaɗan. Injin da ke tsame ƙazanta da kumfa ka ce tanki irin nawa mai kifi kaɗan zai rayu ba shi, muddin ban yi wasa da canjin ruwa ba. Dutse busasshe ka ba ni, da ɗan guntu ɗaya daga tankin shago a matsayin irin ƙwayoyin bakteriya masu tsabtace ruwa. Abu biyu ne kawai ka ƙi yarda a yi arha a kansu, ma'aunin gishiri mai kyau, wanda ya kamata ya tsaya wajen 1.025, da kayan gwajin ruwa. Teburin ma ka ce na katako mai ƙarfi, saboda tankin in ya cika nauyinsa yakan kai kilo 150, gishiri kuma cin ƙarfe yake yi.

Sai kuma jira. Ka ƙi sayar mini da kifi ranar da na ɗauki tanki, ka ce sai ƙwayoyin bakteriya sun zauna a jikin dutse da yashi. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, wadda guba ce. Wasu ƙwayoyin suna juya ta zuwa naitirait, shi ma guba, wasu kuma su juya shi zuwa naitiret, wanda ke da sauƙi kuma canjin ruwa ke rage shi. Wannan yakan ɗauki mako 4 zuwa 6. Darasin nan yana cikin manhajar da nake koyarwa, amma ɗalibaina ba su taɓa fahimtarsa ba kamar lokacin da suka riƙa ɗiga maganin gwaji a kwalba da hannunsu suna ganin launin yana sauyawa daga mako zuwa mako. Ina kuma yaba wa babban yaronka, wanda duk lokacin da na kawo ruwa a kwalba yakan bar abin da yake yi ya sake gwadawa, bai taɓa karɓar ko sisi ba, bai kuma taɓa ɗaure fuska ba.

Da gwaji ya nuna amoniya da naitirait sun koma sifili, ka zaɓa mini 'yan kifi biyu masu ruwan lemo da ratsin fari uku, waɗanda kuke kira kilawun, irin da aka ƙyanƙyashe a gona ba kamun teku ba. Sun zo daga Legas, ka riƙe su a shago har ka ga suna cin abinci kuma babu farin ɗigon cuta a jikinsu. Ƙaramar 'yata ta nuna shuɗin kifin nan mai rawayar wutsiya, ka durƙusa ka yi mata bayani cewa yana girma ya kusa santimita 30 kuma yana son fili, a tankinmu wahala zai sha. Ta yarda. Ka kuma gaya mana cewa irin namu ba a haifarsu mata, wanda ya fi girma da ƙarfi a cikinsu shi ke rikiɗa ya zama mace. Yanzu ɗaya ya fara fin ɗayan girma, 'yan aji uku na babbar sakandare suna ta muhawara a kai.

Gargaɗinka na ƙarshe uwargida ce ta fi riƙe shi: kada a fesa maganin sauro a ɗakin da tanki yake, kada kuma a sa hannu a ruwan da sabulu ko turare ko mai a jiki. Gidan sauro muka koma a wannan ɓangaren gidan.

Ina da roƙo ɗaya, ranka ya daɗe. Yadda kuke auna mini gishiri kilo-kilo maimakon tilasta mini sayen bokiti guda, don Allah ku ci gaba da yi wa sauran masu ƙaramin ƙarfi haka. Malamai biyu a makarantarmu sun ce za su zo, na kuma gaya musu su taho da amsar tambayar wuta.

Allah ya yi wa kasuwa albarka, ya ƙara buɗi na halal, ya raya zuri'a, ya saka wa yaran shago da alheri. Amin.

Wassalam.

Naka,
Malamin kimiyyar halittu daga unguwar Yelwa, Bauchi