Zuwa ga Uwata, a kan 720,720

Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum, Uwata.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Mamarki ta kunna mini saƙon muryarki, na ji kina ƙorafi wai malaminku a jami'ar Legon ya ba ku 720,720 ku zayyano halayenta, ke kuma da ganin yawanta gabanki ya faɗi. Sai da na yi dariya. Mu da muka riƙe tsohon sidi kafin a yanke masa sifiri huɗu a 2007, yawan lamba ba ya razana mu. Har gobe a kasuwar Kejetia za ki ji mai tumatir ta ce miliyan ɗaya, alhali sidi 100 take nufi.

Ajiye wayar nan ki ɗauko biro. Huhun goro ba a yi masa kuɗi sai an kwance, to ita ma kwance ta za ki yi. Da sifiri ta ƙare, ke nan cika ce ba mara ba, kuma 5 da 10 suna raba ta. Haɗa 7 da 2 da 7 da 2, kin sami 18, don haka 9 ma ta shiga. Yanzu ƙura mata ido: 720 ce aka rubuta sau biyu, wato 720 sau 1,001. Ita 1,001 kuwa 7 ce sau 11 sau 13, 720 kuma 16 sau 9 sau 5. Shi ke nan asirinta ya tonu. Daga 1 har 16 babu wadda ba ta raba ta cif, kuma ita ce mafi ƙanƙantar lamba mai wannan hali. Sai a 17 ake samun ragowar 5.

Masu raba ta 240 ne, ba sai kin lissafo su ɗaya-ɗaya ba. A cikinta 2 ta zo sau huɗu (ita ce 16), 3 sau biyu (ita ce 9), sauran huɗun, wato 5, 7, 11 da 13, sau ɗai-ɗai. Ƙara wa kowanne ɗaya ki ninka: 5, 3, 2, 2, 2, 2. Duk lambobin da ke ƙasa da ita babu mai masu rabawa kamar haka, kuma irinsu ne Ramanujan, mutumin Indiya, ya yi dogon rubutu a kansu a 1915. Ni dai irin waɗannan nake so. Kin taɓa lura liman yakan ɗora rabon gado a kan 24 idan tumuni ya haɗu da sudusi? Don kada a tsinka rabon kowa ne.

Inda nake jiye miki shi ne gaggawa, don a wurina kika gado ta. Na taɓa ninka 2, 3, 5, 7, 11 da 13, na sami 30,030, na ƙara ɗaya. Da na ga duk cikinsu babu mai raba 30,031, sai na bugi ƙirji a majalisa na ce wannan gagara-rabo ce, ba mai raba ta sai ɗaya da ita kanta. Wani tsohon malamin makaranta ya karɓi takardar, ya yi shiru kamar minti goma, ya rubuta 59 sau 509 ya miƙo mini. Ni na sayi shayin kowa ran nan. Idan malaminku ya ƙara wa 720,720 ɗaya ya tambaye ki, ki ce daga 2 zuwa 16 babu mai raba ta, ki tsaya nan sai kin gwada sauran.

Na tura miki kuɗin littafin ta waya. Mamarki ta ce ki leƙa gwaggonki a Nima ranar Juma'a.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki