Wasiƙar godiya ga wani shagon kayan mota a Ƙofar Ruwa

Zuwa ga Alhaji mai shagon kayan BMW da Marsandi a kasuwar Ƙofar Ruwa, Kano, tare da yaran shagonsa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya kasuwa, ya iyali? Allah ya ƙara buɗi. Alhaji, na san ba ku son a riƙa kiran sunanku a bainar jama'a, shi ya sa na sakaya. Amma godiyar kam a fili zan yi ta, domin masu irin motata suna da yawa a Kano da Kaduna da Abuja, kuma ya kamata su ji yadda ake ciniki a wurinku.

Motata BMW 325i ce, ƙirar E46 ta shekarar 2003, 'yar Kwatano. Aiki yana yawan kai ni tsakanin Jos da Abuja, kuma duk wanda ya san Hawan Kibo ya san abin da gangaren nan yake yi wa birki. Kafin in kai ƙasa sai fedar ta yi laushi, warin ƙuna ya cika motar, sitiyari ya riƙa karkarwa a hannu. Da na shigo Kano hutu sai na zo muku da buƙata ɗaya: ina son manyan jajayen kalifofin nan, wato ƙarfen da ke matse disk ɗin birki, masu sunan Brembo a jiki, in ɗaura da kaina a gida.

Wani ɗan kasuwar da ya ji haka, shiga ciki kawai zai yi ya fito da jan abu a kwali ya faɗi kuɗi. Ku kuwa kujera kuka sa aka ba ni, kuka tambaye ni girman rim ɗina, da hanyar da nake bi, da rabon da a canza man birki. Sannan kuka gaya mini cewa Brembo kamfanin Italiya ne na gaske mai kaya masu kyau, amma galibin abin da ake tallatawa da araha da sunansa jabu ne, wasu ma murfi ne kawai da ake kifawa a kan tsohon kalifa don ado. Na asalin kuma, kuka ce, kuɗinsa ya fi ƙarfin buƙatata. Daga nan kuka sa yaro ya sauko da wasu kalifofi biyu masu ƙura, babu fenti babu ƙyalli, waɗanda aka ciro daga 330i.

Ga masu karatu da ba su san zancen ba, 325i da 330i 'yan gida ɗaya ne, sai dai kamfanin ya ba babbar birki mafi girma saboda injinta ya fi ƙarfi. Disk ɗin gaba na 325i faɗinsa milimita 300 ne, kaurinsa 22. Na 330i faɗinsa 325, kaurinsa 25. Fistin ɗin da ke cikin kalifa shi ma ya tashi daga milimita 54 zuwa 57. Abin daɗin shi ne kalifan da mariƙinsa suna zama daram a ramukan da ke jikin ƙafar motar, ba huji, ba walda, ba wani ƙarfe da za a je a ƙera a bakin titi. Ni dai a ganina duk gyaran birkin da sai an kira mai walda ya haɗa mariƙi da ido, gara a bar motar yadda kamfani ya yi ta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, Alhaji, shi ne maganar da kuka yi wadda za ta iya sa in fasa sayen kayan gaba ɗaya, kuma kun san da haka kuka faɗa. Kuka ce kada in zaci babban birki zai sa motar ta tsaya a gajeren wuri in akuya ta faɗo mini titi. Birkin da motar ta zo da shi ma yana da ƙarfin da zai kai taya ga gejin kamun kwalta har ABS, na'urar da ke hana taya kullewa, ya fara aiki. Daga nan kuwa sauran magana ta taya ce. Amfanin babban disk shi ne jure zafi. Duk gudun da mota take yi, in an taka birki zafi yake komawa, kuma ƙafafun gaba ne suke shan mafi yawansa saboda nauyi yana rinjayowa gaba. Motar da ke gudun kilomita 120 a awa tana zuba wa birki zafi ninki huɗu na wadda ke gudun 60, ba ninki biyu ba. Kuka kawo misalin tukunya, cewa ƙarama marar kauri ita ke saurin ƙona tuwo. Sai kuka ƙara da cewa ko birkin tirela na ɗaura, in na sauko Hawan Kibo ƙafata a kan feda tun daga sama har ƙasa sai ya ƙone. In sa giya ta uku ko ta biyu, inji ya riƙe motar, birki ya samu ya huce. Wannan shawarar ba ku caje ni ko sisi a kanta ba, kuma ita na fara amfana da ita.

Haka kuka raba mini abin da ya halatta a saya ɗan Beljiyam da abin da bai halatta ba. Kalifa da mariƙinsa ƙarfe ne, in ba su tsage ba suna iya ƙara shekaru. Duk da haka ba ku miƙo mini su a yadda suka zo ba: a gabana babban yaronku ya hura iska ya fito da fistin, ya duba ko tsatsa ta ci shi, ya wanke, ya sa sababbin robobi. Disk kuwa da birki-fad da wayar gargaɗin ƙarewar fad kuka ce sai dai sababbi. Akwai tsohon disk na 330i da ya zo tare da kalifofin, da ido lafiyarsa lau, na ce ko a bar mini shi in rage kashe kuɗi. Kuka ɗauko ma'auni kuka gwada, kuka nuna mini lambar da aka buga a gefensa, milimita 23.4, wato ƙarshen siririn da aka yarda ya kai. Ya riga ya wuce nan. Kuka ce wannan rabon 'yan gwangwan ne, aka jefa shi bayan shago.

Sai man birki. Kun ƙi sayar mini da na buɗaɗɗen galan da ake aunawa a kwalba, kuka ba ni mai lambar DOT 4 a rufe da hatiminsa. Dalilin da kuka bayar na je na tabbatar da shi daga baya: man birki yana zuƙar danshi daga iska, sabon DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230 a ma'aunin Celsius, amma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa tun daga wajen 155. In ya tafasa sai tururi ya taru a cikin bututu, a taka feda ta tafi ƙasa babu kamu. Shi ya sa BMW suka ce a canza shi duk shekara biyu, abin da kusan babu mai yi a cikinmu. Sai dai a yi ta ƙari in ya ragu. Kun kuma ja mini kunne kada wani ya ruɗe ni da DOT 5 don lambarsa ta fi girma, domin wani irin mai ne daban wanda ba ya gauraya da sauran.

Rim ɗina inci 17 ne, don haka ya wuce. Na inci 16 da yawancin 325i suke zuwa da shi ba ya ɗaukar wannan birkin. Amma sai kuka ce a buɗe but a duba safaya, abin da bai taɓa zuwa mini a rai ba. Ita kuwa ƙarama ce. Kuka ce kafin in samu babba, in tayar gaba ta yi faci a hanya, in sa safayar a baya in dawo da ta bayan gaba.

A tsakar gida muka yi aikin ni da ƙanena, ranar Asabar. Kun ba mu aron ƙafafun ƙarfe na tokare mota, kuka ce kada wanda ya sa ko yatsa a ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya ɗaga. Kun kuma ba mu aron sifana mai auna ƙarfin ɗauri, wadda na san ba ta da araha, ba tare da kun karɓi jingina ba. A jikin kwalin disk yaronku ya rubuta mana lambobin da za mu saita ta, a ma'aunin ƙarfin ɗauri na Nm: 110 ga manyan kusoshin mariƙi, 30 ga sandunan da kalifa ke zamewa a kai, 120 ga kusoshin taya. Ya kuma rubuta "hagu" da "dama" da alli a jikin kalifofin, ya ce mu tabbata ɗan bakin fitar da iska yana kallon sama, domin in aka musanya su zai koma ƙasa, a kwana ana fitar da iska ba za ta ƙare ba.

Wuri ɗaya aikin ya cije, ƙaramar kusar nan mai ramin alanki da ke riƙe disk a jikin hob, wato cibiyar da ake ɗaura taya, wadda tsatsa ta kama. Bayan sallar La'asar na kira yaronku ta bidiyo a WhatsApp, ranar da ba shi da wani alhaki a kaina, ya tsaya ya nuna mana yadda za mu jiƙa ta da mai, mu daddoki kanta kaɗan, mu zaunar da alankin sosai kafin mu murɗa. Ta fita. Kafin ya kashe wayar ya sa mu goge fuskar hob da burushin ƙarfe har ta yi fes, ya ce ɗan tsatsan da aka bari a nan shi ke sa sabon disk ya zauna a karkace, bayan 'yan watanni sitiyari ya dawo da karkarwa, mai mota ya zo yana cewa an sayar masa da jabu. Wajen fitar da iska muka bi yadda ya tsara mana: ƙafar baya ta dama, ta baya ta hagu, ta gaba ta dama, sannan ta gaba ta hagu, muna lura kada kofin man ya ƙafe iska ta shiga na'urar ABS. Allah ya yi wa yaron nan albarka, Alhaji, kun iya tarbiyya.

Ba ina cewa kowa ya je ya kwance birkinsa a gida ba ne. Wanda bai saba riƙe sifana ba, ko ba shi da kayan aikin da na lissafa, ya sayi kayan ya kai wa makanikin da ya yarda da shi, ya tsaya a kansa.

Washegari da sassafe na fita hanyar da babu mutane don sabon fad ya saba da disk kamar yadda kuka koya mini: in kai gudun wajen kilomita 80 a awa, in taka da ƙarfi har gudu ya sauko ƙasa sosai amma kada in tsaya cak, in maimaita sau da yawa, sannan in yi tafiya ba taka birki har ya huce. Tun daga lokacin na sauka Hawan Kibo da kaya da mutane a mota, da giya kamar yadda kuka ce, fedar tana nan da taurinta har ƙasa, babu wari babu karkarwa. Fedar ta ɗan ƙara nisa kaɗan kafin ta kama saboda fistin ya fi girma, kuma wannan ma kun faɗa mini tun a shago, don haka bai tayar mini da hankali ba.

Na tambaye ku ko in canza na baya shi ma zuwa na 330i, mai milimita 320 a madadin 294, kuka ce wannan aikin ya fi na gaba rikici saboda birkin hannun motocin biyu ba girmansu ɗaya ba, kuma kuɗin gara in zuba shi a tayoyi masu kyau. Na bi maganarku, tayoyin na saya.

Ƙanena zai kawo muku sifanar da ƙafafun ƙarfen cikin makon nan in sha Allahu, tare da tsofaffin kalifofin 325i, ko wani zai buƙata. Don Allah in safaya mai inci 17 ta shigo a ajiye mini, haka ma tiyon birki na baya guda biyu, domin na ga nawa sun fara tsattsagewa. A gaishe mini da yaran shago gaba ɗaya. Allah ya saka da alheri, ya tsare dukiya, ya ja kwana.

Wassalam.

Naku,
Mai baƙar 325i da ke bin hanyar Jos.