Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, Kan Yaran Da Muka Ce Sun Tsira

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto maka ne kan yaran da 'yan bindiga suka sace, waɗanda gwamnati ta rufe lissafinsu ranar da aka ce sun tsira. A Disambar 2020 an sako ɗaliban Ƙanƙara sama da 300. A farkon 2021 'yan matan Jangebe 279 suka dawo. Yaran Islamiyyar Tegina, waɗansunsu ko karatun Fatiha bai zauna musu ba, sun yi kusan wata uku a daji. A Maris ɗin 2024 kuma na Kuriga suka dawo. Kowane karo abu ɗaya ake yi: a ɗinka musu sababbin kaya, a kai su gidan gwamnati, likita ya duba ƙafafunsu da suka faffashe, a ɗauki hoto, a miƙa su ga iyayensu. Ranka ya daɗe, wa ya sake tambayar lafiyarsu bayan shekara ɗaya? A wane kati aka rubuta cewa wannan yaro ya kwana da bindiga a kansa?

Mu a nan mun saba cewa yaro ne, zai manta. Aikin jinya da na yi a ƙananan asibitoci ya nuna min ba haka ba ne. An taɓa kawo min wani yaro mai kimanin shekara tara daga wani ƙauye da aka tasa. Uwarsa ta ce ya koma fitsarin kwance, ba ya cin abinci sai an tsare shi, kullum ciwon ciki. Muka auna jininsa, babu zazzaɓin cizon sauro, babu taifot. Muna cikin magana wani ɗan acaɓa ya tayar da babur a bakin ƙofa. Kafin in ɗaga kai yaron ya shige ƙarƙashin benci, hannayensa biyu a kan kunnuwansa, jikinsa na rawa. Abin da asibitin yake da shi na ba shi shi ne farasitamol da maganin tsutsar ciki. Babu inda zan tura shi, babu kuma wanda aka koya wa abin da zai ce da uwarsa.

Kai likita ne, ka san abin da ke faruwa a jikin irin wannan yaro. Tsoro idan ya daɗe bai sauka ba, sinadaran firgici irin su kotisol sukan ci gaba da kwarara, zuciya ta saba da gudu, barci ya lalace, garkuwar jiki ta rikice, ƙwaƙwalwar da ke cikin girma ta ginu a kan zaman ɗar-ɗar. A 1998 likitoci biyu, Vincent Felitti da Robert Anda, suka fara fitar da sakamakon binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi tare da asibitocin Kaiser Permanente, inda aka tambayi manya sama da 17,000 abin da suka gani suna yara: duka, cin zarafi, rashin kulawa, uba mai dukan uwa, mashayi a cikin gida. Waɗanda suka haɗu da iri huɗu ko fiye na waɗannan masifu, haɗarin ciwon zuciya ya ninka musu kusan sau biyu, yunƙurin kashe kai kuwa kusan sau 12. Kuma waɗannan mutane ne masu inshorar lafiya a San Diyego, akasarinsu masu ilimi da aikin yi. Ba wanda ya ƙona musu rumbu, ba wanda ya harbe mahaifinsu a gona suna kallo.

Yunwa ma ba ta sakin wanda ta kama tun yana ciki. Ba sai mun je Turai neman hujja ba. Kimanin shekara 40 bayan yaƙin basasar 1967 zuwa 1970, masu bincike sun auna 'yan kasuwa a Inugu, suka tarar waɗanda aka haifa a tsakiyar yunwar Biyafara sun fi waɗanda aka haifa bayanta fama da hawan jini da hauhawar suga. To binciken lafiyar al'umma na 2018 ya nuna kashi 57 cikin 100 na yaran Arewa maso Yamma 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Kebbi kashi 66, a Jigawa kashi 64. Waɗannan su ne za su cika layin masu hawan jini da ciwon ƙoda da shanyewar ɓarin jiki nan da shekara 30, a lokacin da su ne masu ciyar da iyali. Yau idan yaro mai tamowa ya sha madarar gyaɗa, ma'aunin damtsensa ya tashi daga ja zuwa kore, sai a sallame shi a ce ya warke. Daga nan babu mai bibiya. Haka aka yi da yaran Bagega da sauran ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara: mun ƙirga sama da 400 da gubar dalma ta kashe a 2010, amma waɗanda suka rayu da ita a jininsu yanzu samari ne da 'yan mata, waɗansu ma iyaye, kuma dalma an san tana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda har tsufa.

Ba na roƙon a gina sabon katafaren asibiti. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Kware da Barnawa da Maiduguri suna nan, amma matar da ta gudo daga ƙauye da goyo ba za ta kai ɗanta can ba, ko don kuɗin mota, ko don kada a ce ɗanta ya haukace. Wanda take iya kaiwa gare shi shi ne malamin asibitin garinsu. Kai ka shugabanci hukumar kula da lafiya a matakin farko kafin ka fara zama ƙaramin minista a 2011, don haka ka fi ni sanin cewa a nan ne za a ci ko a faɗi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 har yanzu ba ta iso ɗakin awon da na sani ba.

Abin da nake nema shi ne a horar da ma'aikatan lafiya na karkara su gane yaron da firgici ke ci, su iya zama da uwarsa su yi mata bayani da Hausa, su kuma duba ita kanta uwar, domin matar da damuwa ta danne da ƙyar take iya shayarwa, balle rarrashi. Wani kaso na asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar lafiya ta 2014 ta kafa, zai iya ɗaukar wannan. A kuma sa malaman tsangaya da limamai cikin aikin. Su ake fara kai wa yaro idan yana zabura cikin barci, kuma da yawansu za su turo shi asibiti bayan addu'a in sun san akwai mai karɓarsa.

Sai yaran da aka sace. Sunayensu na hannun makarantunsu da gwamnatocin jihohinsu. Ina roƙon ma'aikatarka ta karɓi sunayen nan, a buɗe wa kowane ɗaya kati, a riƙa duba shi kyauta duk shekara har ya kai shekara 25: hawan jini, barci, karatu, shaye-shaye. A fara da na Tegina da Kuriga, su ne mafi ƙanƙanta.

Allah ya taya ka riƙo.

Wassalam,
Wata ma'aikaciyar jinya mai ritaya, daga Gusau