Madogarar bindiga a kan tsauni: a fara duba tsawon ƙafa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni mazaunin jihar Kolorado ne a Amurka, kuma idan watan Oktoba ya kama nakan goya jaka, in rataya bindiga, in hau tsaunukan Roki farautar elk, wata babbar barewa da namijinta kan haura kilo 300. 'Yan uwanmu matasa da suka fara sha'awar wannan harka sun dame ni da tambaya kan madogara mai ƙafa biyu da ake ɗaura wa gaban bindiga, kuma bakinsu ɗaya: wacce ta fi rashin nauyi? Na ga gara in ba su amsa ta jaridarku, tunda a waya suke karanta ta.

Ba na raina maganar nauyi. Wanda ya taɓa hawa mita 3,000 da tanti da abincin kwanaki a bayansa, numfashi na sarƙewa, ya san cewa ko cokali sai ya yi tunani kafin ya jefa a jaka. Ga kuma doka: ba a yarda ka kashe dabba ka bar namanta ya lalace a daji ba, dole ka sauko da shi, galibi a gadon bayanka. Amma duk da haka, tsawon ƙafa shi ne abin dubawa na farko.

Yawancin masu saye suna ɗaukar gajeriyar nan ta kamfanin Harris mai inci 6 zuwa 9, domin ita suka gani a filin koyon harbi, inda ake kwanciya rub da ciki a kan siminti. Tsauni ba haka yake ba. Ciyawa ta kai gwiwa, ko dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, ko kuma dabbar tana can ƙetaren kwari kai kana kan gangare, ƙasa na gudu daga ƙarƙashin bakin bindigarka. A nan gajerun ƙafafu ko ƙasa ba za su taɓa ba. Idan ka kwanta, abin da za ka gani a madubin saiti kara ne da ganye. Mai inci 9 zuwa 13 ta fi dama-dama, amma a irin wannan wuri harbi a zaune ya fi yawa, shi kuwa sai doguwa, irin mai kaiwa inci 27. Matsalarta ta haura rabin kilo, kuma duk nauyin a gaban bindiga yake, yana rinjayar ta ƙasa kana tafiya.

Shi ya sa ni na fi karkata ga wadda ake cirewa. Wani kamfani a Ingila, Spartan, yana yin wata mai suna Javelin da ke mannewa da maganaɗisu, ba ta kai giram 200 ba. Tana aljihu kana tafiya, sai lokacin harbi ka manna. Tana da tsada, kuma abin da ke aljihu yana iya faɗuwa a daji, wannan gaskiya ne. Ba ta kuma kai wata madogara mai suna Atlas ƙarfi da tsayuwa ba. Sai dai Atlas ɗin ta fi dacewa da masu gasar harbi.

Abu na biyu da ba a sassauci a kansa: kan madogarar ya zama yana karkata hagu da dama, domin a iya miƙe bindigar ko ƙasa ba ta daidaita ba. A gangare ƙafa ɗaya kullum ta fi ɗaya tudu. Idan bindiga ta kwanta gefe ko kaɗan, a nesa harsashi zai kauce wajen da ta karkata, maimakon huhu ya sami ciki. Dabba ta tafi da rauni ta mutu inda ba wanda zai same ta. Mu da muke yin bisimilla kafin mu ja kunama, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sauran kuwa ƙanana ne. A gwada buɗe ƙafafun da safar hannu mai kauri, domin a sanyin asuba yatsu ba sa jin magana. A ƙarshen ƙafafun, roba ta fi riƙe dutse, tsini ya fi a laka da ƙanƙara. A kuma yi saitin bindiga a kan madogarar da za a je farauta da ita, saboda wasu bindigogin kotarsu na lanƙwasa ta taɓa bututun idan an danna, harsashi ya sauya mafaɗi.

Masu zuwa farauta arewacin Kamaru, wajen Faro da Binuwai, a tsaye suke harbi a kan dogayen sanduna saboda tsawon ciyawa. Dabarar tana aiki a nan ma. Wanda kuɗinsa bai kai ba, ya gicciye sandunan dogarawarsa guda biyu ya ɗora bindiga a tsakiya, ya rungume jakarsa a ƙirji don ta tallafi gwiwar hannu. Amma ya je filin harbi ya saba da hakan tun watan Agusta, a zaune a ƙasa, ba a kan benci ba.

Naku,
Wani mai karatu, daga Denba, jihar Kolorado