A sake duba dokar wa'adin mataimakin da ya gaji kujera

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai albarka in yi magana kan wani sashe na tsarin mulkinmu da ba a tuna shi sai an ji ƙamshin zaɓe, wato sashe na 137(3) da takwaransa na gwamnoni, 182(3). Gyara ne da Majalisar Tarayya ta yi a 2017, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa masa hannu a 2018. Abin da ya ce a taƙaice: duk wanda aka rantsar domin ya ƙarasa wa'adin da aka zaɓi wani a kai, sau ɗaya kaɗai za a iya zaɓarsa a wannan kujera.

Na san inda dokar ta samo asali, domin mu 'yan Yobe a gabanmu aka yi. Gwamna Mamman Bello Ali ya rasu a watan Janairun 2009, Allah ya jiƙansa, aka rantsar da mataimakinsa Ibrahim Gaidam. Ya ƙarasa wa'adin, ya ci zaɓen 2011, ya sake ci a 2015, bai sauka ba sai 2019. A teburin mai shayi za ka ga dattijo yana lanƙwasa yatsu yana ƙirge, sai yatsun hannu biyu su ƙare: shekara goma kan kujerar da aka ce takwas ce iyakarta. Bai karya doka ba, dokar ce ta yi shiru. Haka ma Goodluck Jonathan, wanda ya gaji marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa a watan Mayun 2010. Da ya ci zaɓen 2015, da ya haura shekara tara. Ƙasar da ta ga yunƙurin tazarce na Abacha da na Obasanjo a 2006 tana da hujjar tsoro, ni ma ina cikin masu tsoron.

Amma maganin da aka kawo ya yi kaifi fiye da cutar. Dokar ba ta tambayi tsawon lokacin da mataimakin ya yi ba. Wanda ya ƙarasa shekara uku da wanda ya ƙarasa mako uku, hukuncinsu ɗaya. Idan alwalar liman ta karye a raka'ar ƙarshe, na'ibi ya shige gaba ya sallame, wa zai ce shi ya ja sallar? Amma abin da tsarin mulkinmu ke cewa ke nan yanzu.

Dubi Jihar Ondo. Gwamna Rotimi Akeredolu ya rasu a watan Disambar 2023, Lucky Aiyedatiwa ya karɓa, ya yi kimanin wata 14 kafin wa'adin ya cika, ya kuma ci zaɓen Nuwambar 2024. Bisa lafazin sashe na 182(3), shi ke nan, nasa ya ƙare da shekara biyar da 'yan watanni. Ba ina yi masa kamfe ba ne, mutanen Ondo ne suka san aikinsa. Abin da ke damuna shi ne an ƙwace musu damar su ce ya ci gaba ko ya tafi, saboda mutuwar da ba shi ya kawo ta ba.

Amurka, wadda muka kwaikwayi tsarin shugaban ƙasa daga wurinta, ta warware wannan tun 1951 da gyara na 22. Idan mataimaki ya yi fiye da shekara biyu na wa'adin wani, zaɓe ɗaya ya rage masa. In bai haura biyu ba, yana da damar biyu. Lyndon Johnson ya gaji Kennedy a Nuwambar 1963, shi ma wata 14 ya ƙarasa, ya ci zaɓen 1964, kuma doka ta bar masa ƙofar 1968 a buɗe, shi ne ya janye da kansa. Ghana ma rabin wa'adi ne ma'auninta, shi ya sa watannin da John Mahama ya yi bayan rasuwar Atta Mills a Yulin 2012 ba su shiga lissafinsa ba. Da wannan ma'auni muke da shi a 2009, da Gaidam zaɓe ɗaya zai samu, tunda abin da ya ƙarasa ya haura shekara biyu. Ka ga an toshe ɓarakar ba tare da an zalunci kowa ba.

Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba. Mun tuna watannin da 'Yar'aduwa ke jinya a Saudiyya daga Nuwambar 2009, ƙasa ta zauna babu mai sa hannu, sai da majalisa ta nemo mafita a Fabrairun 2010. A wancan lokacin na kusa da shugaba ne ke jan ƙafa. Da dokar yanzu, mataimakin kansa zai iya jan ƙafa. Idan shugaba ya kwanta rashin lafiya saura wata biyar wa'adi ya cika, wane mataimaki ne zai yi ɗokin rantsuwar da za ta cinye masa shekara huɗu? Bai kamata doka ta sa mutum ya zaɓa tsakanin amanar ƙasa da makomarsa ba.

Batun ko gyaran ya shafi Jonathan kuwa, Babbar Kotun Tarayya da ke Yenagoa ta ce a 2022 doka ba ta komawa baya, don haka bai shafe shi ba. Wannan rigima ta mutum ɗaya ce, za ta wuce. Wadda za ta daɗe ita ce ta mataimakan da ke nan tafe.

Roƙona ga sanatocinmu da 'yan majalisar wakilai, da majalisun jihohi 24 da doka ke buƙata kafin gyara ya tabbata, su ƙara jimla ɗaya a sassan biyu: hanin zai hau kan wanda ya ƙarasa fiye da shekara biyu kaɗai. Su yi shi yanzu, tun babu sunan kowa a kai. Kai kuma Edita, don Allah ka sa wakilanku su tambayi shugabannin kwamitin gyaran tsarin mulki matsayinsu kan wannan, ku buga mana amsar.

Na gode.

Mai karatunku,
daga Damaturu, Jihar Yobe