Halin da mutanen gundumar Lowndes ke ciki a Amurka

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili in yi magana kan gundumar Lowndes da ke jihar Alabama a kudancin ƙasar Amurka, wadda labarinta ya daɗe yana damuna. A shekarar 1900 mutanenta sun haura 35,000, amma ƙidayar 2020 ta samu 10,311 kacal. Mafi yawansu baƙaƙen fata ne, jikokin bayin da suka noma auduga a wurin.

Ƙasar yankin laka ce mai ƙin shan ruwa, don haka sokawe na yau da kullum ba ya aiki, wanda ke aikin kuma ya fi ƙarfin aljihun talaka. Sai iyalai da yawa suka koma jan bututu daga banɗaki zuwa bayan gida, ƙazanta na kwarara fili inda yara ke wasa. Wani bincike na kwalejin likitanci ta Baylor a 2017 ya gano alamun tsutsar ciki mai shiga ta tafin ƙafa a jikin kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka gwada. Abin takaici, an taɓa gurfanar da wasu a kotu saboda rashin sokawen da ba su da kuɗin ginawa.

A 2023 ma'aikatar shari'ar Amurka ta cimma yarjejeniya da hukumar lafiya ta Alabama don a gyara, amma aka soke ta a 2025. Wannan zalunci ne a ganina.

Don Allah jaridarku ta bibiyi labarin, ta kawo mana muryoyin mazauna wurin da ta Catherine Coleman Flowers, wadda ta girma a wurin kuma ta daɗe tana gwagwarmaya kan wannan matsala.

Naku,
Wani mai karatu